Bayan Motar Shara a Lewisham

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, na ji samari biyu a bakin masallaci suna maganar neman aiki. Ɗayan ya ce wa ɗan'uwansa, rabi da Hausa rabi da Turanci, in komai ya ƙi sai ya yi applying a motar shara, ai ɗauka ne kawai ka jefa. Ban tanka musu ba. Amma tun da na yi shekara ashirin da biyu ina bin bayan motar nan kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa muku yadda aikin yake, ku da duk mai irin tunaninku.

Sunana Garba. Karatu ne ya kawo ni daga Kano, karatun bai ƙare ba, agency mai samar wa mutane aiki ta tura ni depot, wato tashar motocin shara, a unguwar Lewisham ta London. Wannan ya isa game da ni.

Bin na farko da na taɓa ja, wato babban kwandon shara mai taya, a wani layi ne mai gangara, ranar Litinin, ƙarfe shida na safe, cikin sanyin Janairu. Na kama shi da hannu biyu na finciko kamar mai jan rago, ya kife, rabin abin da ke ciki ya zube a titi. Wanda aka haɗa ni da shi ya tsaya yana kallona. Baba Alhassan ke nan, mutumin Ghana, ɗan zangon Sekondi da ke bakin teku. A lokacin ya riga ya yi furfura. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" yake ce musu. Ya zaro tsintsiya da shebur daga gefen mota ya miƙo mini.

"Ɗan Kano, share," in ji shi. "Mota ba shi tafiya sai titi ya yi fes."

Direba yana ta danna hon, motoci sun yi layi a bayanmu, ni kuwa ina shara. Da na gama sai ya nuna mini. Ba a jan bin da ƙarfi. Ƙafa ake sawa a gindinsa, a karkato shi kaɗan, a ji nauyinsa a hannu kafin a motsa. Nauyin shi zai gaya maka ko an cusa ƙasa ko tubali a ƙarƙashin leda. In ka ƙware, biyu kake ja lokaci ɗaya, ka jingina su da ƙarfen da ke ɗaga su, ka ja baya taku biyu, sannan ka danna maɓalli. Wanda bai ja baya ba, wata rana murfi zai gaisa da haƙoransa.

Kayan aikin ba su da yawa. Safar hannu mai kauri, da wata siririya a cikinta. Takalmi mai ƙarfe a baki da tafi. Riga mai ƙyalli don masu mota su gan ka, ko da yake ba duka ne ke gani ba. Tsintsiya, shebur, da wata doguwar sanda mai ƙugiya. A bayan mota akwai jan maɓalli da ke tsayar da injin nan take, kuma Baba Alhassan sai da ya sa na taɓa shi sau goma ido rufe kafin ya bar ni na kusanci injin. Doka ta biyu da ya ba ni ita ce ta baƙar leda: kada ka rungume ta, kada ta taɓa cinyarka, ka kama ta ta wuya ka nisanta ta da jikinka. Allura da fasasshen gilashi ba sa sallama.

Wata shida na yi kafin ya daina duba bayana. A cikin wata shidan nan abin da ya fi koya mini shi ne karatun bin. Kafin a zuba na recycling, wato na kayan da ake sake sarrafawa, a mota, dole ka ɗaga murfi ka leƙa. Kwali, gwangwani, kwalba, gorar roba, duk sun halatta. Amma ƙunzugun jariri ɗaya, ko ragowar miya, na iya ɓata kayan layi guda, a kai wurin tacewa a ce ba a karɓa ba, a tura shi ƙonawa. Daƙiƙa biyu gare ka ka yanke hukunci. In ka ƙi ɗauka, ka manna takarda a murfi, ka kuma shirya jin zagi daga taga.

Akwai wani layi mai gidaje masu lambu da muke yi ranar Laraba. Can har wanke gwangwani suke yi kafin su jefa. Da farko na ɗauka tarbiyya ce kawai. Baba Alhassan ya ce in ƙirga abin da suke da shi: kicin mai faɗin da zai ɗauki kwando uku, fili a ƙofar gida, bin mai lambar gida a jiki, da maƙwabta masu leƙe ta labule. Bayan kwana ɗaya muna kan high street, inda mutane ke zaune a flat a saman shaguna. Su ba su da bin ko ɗaya. Leda ake ba su, a ce su fito da ita a wani ƙayyadadden lokaci, lokacin da rabinsu suna wurin aiki. Sai su ajiye sa'ad da suka samu. Kafin mu iso, fox, dilan garin nan, ya riga ya yi kalaci, iska ta raba saura.

Gidan haya mai mutum takwas, kowa da ɗakinsa, shi ya fi kowanne wuya. Bin ɗin na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Wanda ya san ranar fitarwa ya tashi, sabon da ya shigo ba wanda ya gaya masa. Mutanenmu kuma ina gane gidansu tun daga nesa: buhun shinkafa, galan ɗin mai, da leda cike da ledoji. Ba su fi kowa ƙazanta ba, ba su fi kowa tsafta ba. Cikin gida fes. Abin da ya wuce ƙofa ne suke ganin ya zama na hukuma.

Ku da aka haifa a nan kuna ganin London ba bakin teku ba ce. To ku je ƙarshen unguwarmu, inda rafin da ya ratsa Lewisham yake faɗawa kogin Thames. Ruwan wurin da teku yake numfashi, ya cika ya janye. Murfin gora da ya faɗi a titi, ruwan sama zai kai shi kwata, kwata ta kai shi rafi. Wata safiya muna shan shayi a kan gada, ruwa ya janye, Baba Alhassan ya nuna mini laka. Gorori, ledoji, keken kanti, tsumman goge jarirai a manne da duwatsu kamar an shimfiɗa. Ya ce da yana yaro a Sekondi, a ganye ake ƙunsa abinci. In an gama ci a jefa a ruwa, kifi ya ci saura, ganye ya ruɓe.

"Hannu bai sake ba," in ji shi. "Uwa na, yadda shi ke jefawa, haka jika nai ke jefawa. Shara ne ya sake. Yanzu masunta suna jawo taru, rabi kifi rabi roba."

Shekarar korona ita ce muguwar shekara. Kowa yana gida, kowa yana oda, shara ta ninka. Kwalaye, robobin abincin saye, takunkumi da safar hannu a kowane lungu. Mu kuma muna raguwa. Yau a ce wane yana isolating, ya killace kansa a gida, gobe a ce wane yana asibiti. Motar da ke fita da mutum uku ta koma fita da biyu. Baba Alhassan ya kwanta a wata na biyu. Ya fito daga asibiti da rai, amma numfashinsa bai ƙara isar aikin ba, daga baya ya koma Ghana. Wasu layukan sai mu yi mako biyu ba mu leƙa ba. Mutane suna tafa mana ta taga, wasu har da rubuta godiya a murfin bin, amma tafi ba ya ɗaukar shara.

A cikin wannan shekara ne aikin da na fi tunawa ya faru. Akwai wani bene mai hawa shida a daidai bakin rafin, na wani kamfanin gidaje. Sharar gidan a wani ɗaki ake tarawa a ƙasa, mai ƙofar ƙarfe da makulli, cikinsa manyan bin na ƙarfe guda huɗu. Gaban ɗakin akwai shingen ƙarfe, bayan shingen sai ruwa. Wata Talata muka iso na ga leda ɗaya a rataye a shingen, an ɗaure ta da kyau. Talata ta gaba guda tara. Ta ukun ban ƙirga ba. Wasu sun tsinke sun faɗa laka, wasu ruwa ya riga ya tafi da su.

Ga yadda dokar take. Abin da ke cikin ɗakin namu ne. Abin da ke kan shinge na kamfanin gidan ne. Abin da ya faɗa ƙasa na masu kula da rafi ne. Hukuma uku, leda ɗaya, kowa yana cewa ba tasa ba ce. Na yi reporting sau biyu, aka ce an tura. Ni kuwa na san abin da Baba Alhassan yake faɗa kullum, cewa leda ɗaya ita ke kiran 'yan'uwanta. Mutum ba ya son ya zama na farko, amma ba ya jin kunyar zama na goma. Sai na riƙa sa ƙugiya ina sauke su ina jefawa a mota, direba yana kallon agogo.

Mazauna gidan sun riga sun sami mai laifi. Wani tsohon Bature a hawa na ɗaya, Terry, wanda ya yi aikin jiragen ruwa a kogin tun yana saurayi, ya tare ni da waya a hannu, yana tsaye nesa da ni kamar yadda aka umarta. Ya nuna mini hoton wata mata da lulluɓi tana ɗaure leda a shinge. Ya ce ita ta fara, ya kuma tura hoton ga kamfanin gidan da council, hukumar unguwa. Ya ce shekara hamsin yana kallon ruwan nan, a gabansa ya fara tsarkaka har tsuntsaye suka dawo, ba zai zuba ido a mayar da shi juji ba. Ban yi masa musu ba. Gaskiya ya faɗa.

Talatar da ta biyo baya mun makara, sai wajen tara muka isa. Ina sauka na gan ta. Dattijuwa ce, gajera, da goyo a baya, ta ɗaure shi da zani irin na gida. Tana miƙa hannu tana neman wurin rataya. Na tsaya daga nesa na ce, "Salamu alaikum, Hajiya, ina kwana?"

Ledar ta kusa suɓuce mata. Ta juyo ta dube ni daga takalmi har hula.

"Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Ɗan nan, Bahaushe ne kai?"

"Daga Kano, Hajiya."

"Ni daga Katsina. Wata huɗu rabon da in ji Hausa a bakin wani in ba 'yata ba."

Sunanta Hajiya Asabe. Ta zo wankan jego ne wurin 'yarta Rukayya, wadda nas ce a wani asibiti. Cuta ta ɓarke, aka yi cancel ɗin jirginta, aka kira Rukayya ta koma aiki kafin hutunta ya cika. Mijin yana Najeriya, shi ma hanya ta rufe masa. Na tambaye ta me ya sa ba ta kai ledar ɗakin shara.

"Makulli ɗaya aka ba gidan, yana jikin makullan Rukayya. Tana fita da asuba."

"Ba ki ce ta bar miki ba?"

"Yarinyar da in ta dawo ko salla a zaune take yi? In tare ta da maganar shara? Kuma ko an buɗe, ka ga murfin can? Ya fi ni tsawo. Ranar da na gwada, da goyo a bayana, saura kaɗan ya datse mini hannu."

"To me ya hana ki bari sai ta sami hutu?"

Ta dube ni kamar na yi wauta. "Kashin jariri ne fa, Malam. Kicin ɗin taku biyu ne, falon nan nake salla. In kwana da najasa? Da farko a ƙasa nake ajiyewa, a bakin ƙofar, sai wannan karen dajin ya yayyaga. Na ce to bari in ɗaga muku sama, ku same ta a tsaftace."

Wato a ganinta taimakonmu take yi. Sauran ledojin kuwa ba nata ba ne. Mutanen da ke da makulli a aljihu, masu ƙarfin ɗaga murfi, su suka ga an rataye suka bi sahu, don ya fi sauƙi, kuma ɗakin ya cika saboda mu ba ma zuwa a kan lokaci.

Da yamma Rukayya ta kira ni, uwar ta karɓi lambata. Muryarta a dushe. Ta ce wasiƙa ta zo a kan hoton da Terry ya tura, an ce za a ci ta tara, kuma in aka sake za a duba zamanta a gidan. Ta ce, "Kawu, ni ban ma san Mama tana yi ba. In wannan ya shiga record ɗina fa? Ina zan kai jariri da tsohuwa a wannan lokaci?" Na ce ta cire makullin ta bar wa uwar tun daga gobe, sauran ta bar mini in gwada.

Kafin in gwada sai na ƙara wa kaina aiki. Ina sauke ledojin shingen da ƙugiya, wata ta maƙale, na sa hannu na rungumo ta. Abin da aka hana ni tun ranar farko. Fasasshiyar kwalba ta ratsa riga ta tsaga mini dantse. Ɗinki shida. Da na koma depot, supervisor ɗinmu, wata mata mai tsare doka, ta ba ni gargaɗi a rubuce, don na taɓa abin da ba a aike ni ba. Shi ne gargaɗi ɗaya tilo a takarduna cikin shekara ashirin da biyu. Na sa hannu. Sannan na ce tun da ga ni a zaune, ta ba ni minti biyar. Na zayyana mata komai: makulli ɗaya, tsawon murfi, makonnin da muka tsallake, da wanda ya fara da waɗanda suka bi.

Ta ce in rubuta. Na rubuta shafi biyu, ta haɗa da nata ta tura. An ɗauki kusan wata biyu, don a shekarar ba abin da ke sauri. A ƙarshe aka janye wasiƙar Rukayya. Aka yanka wa kowane flat makulli na biyu. Aka kawo bin ɗaya gajere wanda ake taka shi da ƙafa ya buɗe. Aka mayar da gidan farkon layinmu, yadda ko mun gaza ba shi za a tsallake ba.

Saura shingen. Ranar da aka kawo sabon bin, na sauke komai, har guntayen ledar da suka naɗe a ƙarfe na kankare da wuƙa. Terry yana kallo ta taga. Na riga na gaya masa labarin makullin, a lokacin ƙeya kawai ya sosa. Mako na gaba na tarar ya ɗaure tukwanen furanni guda shida a jikin shingen. Daga ranar ba a ƙara rataye leda a wurin ba. Ba allon gargaɗi, ba kyamara. Hajiya ce ma ta koma ba su ruwa in ta sauko da jikanta, ita da Terry suna gaisawa da hannu, ba mai jin yaren wani.

Da aka buɗe gari, masu aikin sa kai na unguwar suka shirya kwashe rafin wata Asabar da ruwa ya janye. Terry ne ya ja ni. Aka ba ni dogon takalmin roba mai kaiwa ƙirji, da sanda ta gwada laka, don lakar wurin tana iya riƙe mutum har cinya. Saura kwana uku Hajiya ta tafi gida, ta sauko ta tsaya a bakin shinge tana kallonmu. Mun cika buhu wajen ashirin a ƙarƙashin benen kaɗai. Can na zaro wata leda daga ƙarƙashin dutse, na ɗauraye ta a ruwa don in ga ko ta recycling ce. Shuɗiya ce, da rubutu a jiki. Sunan wani shagon atamfa ne, da adireshinsa a kasuwar Katsina, da lambar waya. Ko harafi ɗaya bai goge ba.

Na ɗaga mata. Ta sunkuyo ta ƙura ido.

"Wannan ai tawa ce. A ciki na zo da kuka da daddawa." Ta ƙirga da yatsu. "Malam Garba, ta fi shekara fa."

"Ta fi, Hajiya."

"Ni na ɗauka duk abin da ya faɗa, ruwa ya tafi da shi. A gida in kwari ya kawo ruwa, shi ke nan, ba ka ƙara gani."

"Can ma wani yake kai wa. Na nan kuma dawowa yake yi, sau biyu kullum."

Ta ce in miƙo mata. Na ce ta bari in sa a buhu, akwai laka. Ta ce a'a. Na ɗora a bakin sanda na miƙa sama, ta karɓa da yatsa biyu, ruwa yana ɗiga a kan silifas ɗinta. Ta taka har bakin ɗakin shara, ta ciro makulli daga bakin zaninta, ta buɗe ta shiga.